Dutsen Iyaka Da Sunayensa Na Dā

  Na san yawancinku daga gona kuka fito, wasu ko wanka ba su samu yi ba. Saboda haka yau ba za mu yi nisa da gona ba. Zancenmu a kan iyaka ne, da dutsen da a kan kafa domin ya nuna inda gonar wane ta ƙare, ta wane ta fara.

Bari in fara da abin da ya same mu a gidanmu. Mahaifina yana da gona, tsakaninsa da maƙwabcinsa akwai wata tsohuwar tsamiya. Ita ce iyaka, kowa ya sani. Wata shekara iska ta kayar da ita, mata suka sare ta suka yi itace. Ba wanda ya damu, don tsofaffin biyu aminai ne. Da Allah ya karɓi ransu, sai 'ya'ya suka tashi. Wannan ya ce nan tsamiyar take, wancan ya ce a'a, can take. Aka nemi shaidu, duk sun mutu sai wani tsoho guda wanda idonsa ya tafi. Abin da ake jayayya a kai bai wuce kunya shida ba. Amma shekara uku ana zuwa gaban alƙali, aka sayar da akuya, aka sayar da jaki, har aure guda ya mutu a kan maganar. Kun ji abin da ya sa na je na bincika yadda mutanen dā suka yi da wannan matsala. Na tarar ko wace al'umma tana da sunan da shari'arta ta ba dutsen iyaka, ko wane suna kuwa akwai darasi a cikinsa. Zan kawo muku guda biyar.

NA FARKO: KUDURRU

A ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, dā akwai wata babbar daula, sunanta Babila. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, idan sarkinsu ya ba wani bawansa ƙasa, sai a rubuta kyautar a kan allon yumɓu, a buga hatimi. Sa'an nan a sami dutse mai ƙarfi, a goge shi, a sassaƙa maganar a jikinsa. Sunan wannan dutse kudurru, watau iyaka da harshensu.

Me a kan rubuta? A kan rubuta girman gonar, da wanda ke gabas da ita, da na yamma, da na kudu, da na arewa. A kan sa sunan wanda ya auna, da sunayen shaidu. A ƙarshe sai a jera la'ana mai tsawo a kan duk wanda ya gusar da iyakar, ko ya fasa dutsen, ko ya jefa shi a ruwa, ko ya sa wani wawa ya yi masa wannan aiki. Kun ga tun wancan zamani an san halin mai tura yaro ya yi ɓarna, shi kuwa ya koma gefe.

Akwai ɗaya daga cikin duwatsun nan wanda wani Bafaranshe mai binciken itatuwa, sunansa Misho, ya tsinta kusa da Bagadaza. A 1800 aka saye shi aka ajiye a babban ɗakin littattafai na birnin Faris. Sa'ad da aka kai shi ba wanda ya iya karanta rubutun. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka gane harshen. Da suka karanta, me suka gani? Wani uba ne ya ba 'yarsa gona a lokacin aurenta, ya sa aka rubuta domin kada wani daga cikin dangi ya zo daga baya ya ce ba a ba ta ba. An yi wannan wajen shekara 1,100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Uban ya mutu, 'yar ta mutu, daular ta rushe, amma maganar tana nan.

Masana na yanzu sun ce yawancin duwatsun nan ba a gona ake kafa su ba, a ɗakin ibadarsu ake ajiye su, inda ba mai taɓawa. Darasin kudurru ke nan: abin da aka rubuta ya fi shaida tsawon rai, kuma a ajiye shi inda ba zai ɓata ba.

NA BIYU: HOROS

Mutanen Yunan, watau Girka, suna kiran dutsen iyaka horos. A birninsu na Atina, masu tono sun tarar da duwatsu a bakin tsohuwar kasuwa, waɗanda aka kafa wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. An yi rubutun kamar dutsen ne da kansa ke magana, yana gaya wa mai wucewa cewa shi ne iyakar kasuwa. Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, kada wani ya matso da gininsa cikin filin jama'a. Na biyu, akwai masu laifin da shari'a ta hana su shiga kasuwa, to, da sun ga dutsen sai su tsaya.

Amma horos yana da wani aiki kuma, wanda ya fi kusa da mu. Idan mutum ya jinginar da gonarsa ko gidansa, sai a kafa dutse a wurin, a rubuta sunan mai bin bashi da yawan kuɗin. Duk wanda ya zo saye, in ya iya karatu, zai ga akwai nauyi a kan gonar. Wanda bai iya ba kuwa, sai ya sayi rigima da kuɗinsa.

Tun kafin wannan, bashi ya taɓa yi wa manoman Atina katutu, har ana sayar da mutane bayi saboda shi. A shekara ta 594 kafin haihuwar Annabi Isa aka ba wani mai hikima, sunansa Solon, ragamar gari. Ya yafe basussukan, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Shi da kansa ya faɗa a cikin waƙarsa cewa ya tumɓuke duwatsun da aka kakkafa a gonaki.

To, mu ma muna jinginar gona. Sau nawa kuka ji an ce, uba ya ba da gona jingina, bayan shekara talatin 'ya'yan wanda ya karɓa suka ce saye ne? Darasin horos ke nan: jingina a rubuta ta jingina, aro a rubuta shi aro, saye a rubuta shi saye.

NA UKU: TARMINUS

Rumawa su ne suka fi kowa tsananta wannan al'amari. Sunan dutsen iyaka a harshensu tarminus. A lokacin suna bautar gumaka, har suka mai da dutsen abin bauta. Ko wace shekara, ran 23 ga Fabrairu, maƙwabta biyu su kan haɗu a bakin iyaka, wannan daga gefensa, wancan daga gefensa, da matansu da 'ya'yansu. Su yi wa dutsen ado da furanni, su zuba hatsi da zuma, su yi yanka, su ci tare. Bautar dutse ba tamu ba ce. Amma ku duba wayon da ke ciki: sau ɗaya a shekara gida biyu sun ga iyaka da idonsu, sun yarda nan take.

Labarinsu na gargajiya ya ce sarkinsu na biyu, Numa, ya kafa doka, duk wanda ya tumɓuke dutsen iyaka da garma, to, shi da shanunsa la'anannu ne, ba mai bin jininsa. Daga baya, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, aka rubuta dokokinsu a kan alluna goma sha biyu. A ciki aka ce a bar fili mai faɗin ƙafa biyar tsakanin gona da gona, na wucewa da juya garma. Ba wanda zai mallaki wannan fili wai don ya daɗe yana nomansa. In gardama ta tashi, a naɗa mutum uku su je wurin su raba.

Da zamani ya yi nisa, sai suka sassauta hukuncin kisa. Wata dokarsu ta sa tarar tsabar zinariya 50 a kan ko wane dutse da aka gusar. Sarki Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, ya rarrabe masu laifin. Babban mutum wanda ya gusar da dutse don ya ci gonar wani, a kore shi daga ƙasa na wani lokaci. Wanda aka aika ya yi, a hore shi, ya yi aikin gwamnati shekara biyu. Wanda ya ɗauke dutsen cikin rashin sani, bulala ta ishe shi. Duk wannan yana cikin babban kundin shari'a da Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara a 533.

Ga kuma wata dabara ta ma'aunan gonakinsu. Kafin a kafa dutse, sai a haƙa rami, a zuba toka, ko gawayi, ko fasassun tukwane, sa'an nan a ɗora dutsen a kai. Gawayi ba ya ruɓewa a ƙasa. Idan ɓarawon iyaka ya zo da dare ya matsar da dutse, ya matsar da na sama ne kawai. Ranar shari'a a tona sabon wurin, ba kome. A tona tsohon wurin, ga gawayi. Ƙarya ta ƙare.

Wanda ya taɓa zuwa Jos ya san wurin da ake kira Taminus. Sunan daga tashar jirgin ƙasa ya fito, watau inda hanyar jirgi ta ƙare. Turawan Ingila suka aro kalmar daga Rumawa, mu kuma muka ji a bakinsu. Ashe mun daɗe muna faɗin sunan dutsen iyakar Rumawa ba mu sani ba.

NA HUƊU: MIYASTON

A tsofaffin takardun shari'a na Ingila akwai kalmar da suke rubutawa merestone, a baki kuwa sai ka ji kamar an ce miyaston. Kada ku yi dariya, ba miyar tuwo ba ce. Kashin farko na kalmar tsohon Ingilishi ne, ma'anarsa iyaka. Kashi na biyu ma'anarsa dutse. Yau ko a Ingila ba kowa ya san kalmar ba, sai masu karanta tsofaffin takardu.

Dā a ƙauyukansu gonaki a haɗe suke cikin fili guda, ba shinge. Ko wane manomi yana da 'yan tsirin gonaki nan da can. Abin da ya raba shi da maƙwabcinsa, sai ɗan tudun ciyawa ko dutse. Mai haɗama ya kan ƙara kunya guda bana, guda baɗi. Saboda haka kotun ƙauye ta kan naɗa mutane su je su duba duwatsu, a ci tarar wanda ya gusar. Akwai kuma dattijon da aikinsa shi ne sanin iyakar gari, suna ce masa meresman, watau mai iyaka. Da gwamnatinsu ta yi dokar zana taswirar ƙasa a 1841, ma'aikatan awo ba su iya aikin su kaɗai ba. Sai da aka haɗa su da irin waɗannan dattawa, suna gaba suna nunawa, masu awo suna biye suna rubutawa. Ilmin ka da ilmin takarda suka haɗu.

Suna da wata al'ada kuma, wadda suke kira dūkan iyaka. Sau ɗaya a shekara, wajen kwana arba'in bayan bikinsu na Ista, shugaban coci da dattawa su kan fita su zaga iyakar gari duka, yara maza na biye da tsumagu. In an iso dutsen iyaka, yara su yi ta dukansa. A wasu garuruwa har a kan ɗaga yaro a ɗan buga shi a kan dutsen, sa'an nan a ba shi kwabo ko abin taɓawa. Don me? Don ran da ya zama tsoho mai furfura, in aka tambaye shi a gaban shari'a, ya ce, "Nan ne, don nan aka buga ni ina yaro." Har yanzu ana wannan zagaye a wasu wurare, kamar birnin Okasfod, amma yanzu don tunawa ne kawai.

Faransawa kuma suna ce wa dutsen borne. Su ma su kan fasa ɗan kasko ko dutse gida biyu ko uku, su binne a gindinsa. Sunan da suka ba gutsattsarin nan shi ne shaidu, domin in an tono su an haɗa, sai su dace da juna. Dokarsu ta 1804 ta ce ko wane mai ƙasa yana da ikon tilasta wa maƙwabcinsa a kafa iyaka tsakaninsu, su raba kuɗin aikin. 'Yan'uwanmu na Nijar suna gamuwa da wannan kalma a takardun filayensu.

Darasin miyaston ke nan: dutse ba ya magana, sai an sami yaron da ya san shi.

NA BIYAR: MANAR

Wannan ya fi kusa da mu duka. A littattafan malamanmu, alamar da ke raba ƙasa da ƙasa sunanta manarul ardi, watau alamar ƙasa. Kalmar dangin manara ce, hasumiyar da a kan hango daga nesa. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisi daga Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya lissafa mutum huɗu da Allah ya la'anta. Mai canza alamar ƙasa yana cikinsu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya ci ko da taƙi guda na ƙasar wani da zalunci, za a rataya masa ita a wuya ranar ƙiyama har ƙasa bakwai. A cikin Attaura ma an hana mutum gusar da iyakar maƙwabcinsa wadda mutanen farko suka kafa.

Kalmar haddi da kuke ji a bakin alƙalai, asalin ma'anarta iyaka ce, jam'inta hududu. Alhazai kuma sun ga alamun da aka kafa a kan hanyoyin shiga Makka, masu nuna inda Harami ya fara. A nan ƙasarmu, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasa. Ashe maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

TO, MU FA?

Mu ba mu cika kafa dutse ba. Iyakarmu gamba ce, ko jema, ko aguwa, ko bi-ni-da-zugu, ko wata kuka, ko suri, ko burtali. Laifin kuwa muna da sunansa, cin iyaka. Alamun nan suna da kyau, amma gamba wuta na cinye ta, itace na faɗuwa, suri na rushewa, rafi na canza hanya. Dā daji na da yawa, in an matsa maka sai ka yi gaba ka sari sabo. Yanzu mutane sun yi yawa, gona ta yi tsada, taƙi guda ma abin faɗa ne.

Turaku na awo sun shigo ƙasar nan da zuwan Turawa. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aikatan Ingila da na Faransa suka bi iyakar Nijeriya da Nijar, daga Kwara har Tabkin Cadi, suna kafa turaku fiye da ɗari. Yau ɗan simintin nan mai lamba da safiyo ke binnewa a kusurwar fili, shi ne jikan kudurru da tarminus. Lambar da ke kansa tana cikin taswira a ofis. Tumɓuke shi laifi ne a doka. A Nijeriya dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha amana, ƙaramar hukuma kuwa ita ke ba da takardar izinin riƙe gona a karkara. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu rubuta ciniki da jingina da kyautar gona.

Saboda haka ga abu biyar da nake roƙonku.

Na ɗaya, kafin damina, kai da maƙwabcinka ku zaga iyakarku tare, tun kuna shiri. Iyakar da aka gyara ana dariya ta fi wadda aka gyara ana zagi.

Na biyu, ku tafi da 'ya'yanku, maza da mata, domin mata ma suna da gado. Ba sai kun buga su a kan dutse ba, ku nuna musu kawai.

Na uku, a ko wace kusurwa ku haƙa rami kamu guda, ku zuba gawayi da fasassun tukwane, ku ɗora dutse, a gaban mai unguwa da shaidu. Cikin shaidun a sa samari, kada a tara tsofaffi kaɗai.

Na huɗu, ku rubuta. Sunan mai gona, da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa, da yawan taki na ko wane gefe, da kwanan wata, da sunayen shaidu. A yi takarda biyu ko uku, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin maƙwabci, ɗaya a wurin dagaci. Ka sa taka a gwangwani mai murfi saboda gara. In da hali, ka kai maganar ofishin ƙasa a ba ka takardar hukuma.

Na biyar, kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba ka karanta ba. Wannan shi ne dalilin zamanku a nan. Mutumin da ya iya bambanta kalmar jingina da kalmar sayarwa a rubuce, ya tsare gonar 'ya'yansa fiye da mai shingen ƙaya.

Aikin da za ku zo da shi ran Laraba: kowa ya rubuta sunayen maƙwabtan gonarsa huɗu, da abin da ya raba shi da ko wannensu. Wanda ya tarar akwai gefen da ba shi da tabbas, to, ya san ƙofar da zai yi sallama gobe da safe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.